Waiwaye: Lissafin Kuɗin Sallama Tun Ranar Ɗaukar Aiki Ake Fara Shi

Daga shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, duk mai sammako a ƙauyukanmu na Ungogo, a jihar Kano, ya san jerin kekunan da ke fitowa bayan sallar asuba. Daga Fanisau, Rangaza, Zango, Gayawa da Karo, magidanta da samari ne ke nufar Bompai, kowa da ƙunshin ɗumamensa ɗaure a bayan keke. Wannan masaƙa za shi, wancan majema, wani kamfanin man gyaɗa, wani na alewa, na roba ko na kwanuka. In an tashi aiki su juyo gida, idan damina ce mutum ya jingine keke ya saɓi fartanya ya rage abin da ya samu kafin magariba. Ƙasar Ungogo dama gida na jikin gona, gona na jikin gida. Ba a barin gona ta huta, takin da jakuna ke kwasowa daga birni ne ke riƙe da ita, kuma duk rabon gado sai ta ƙara tsukewa. Albashin kamfani shi ke cike giɓin da rumbu ya bari.

Wannan zama bai ɗore ba. A 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu bayan faɗuwar farashin man fetur, kayan da masana'antu ke shigowa da su daga waje suka yi wuyar samu. A 1986 gwamnatin Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar Naira ta zube, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Wutar NEPA ta koma sai ta ga dama, kamfani ya dogara da janareta da baƙin mai. Daga baya atamfa da yadin fasa-ƙwauri suka cika Kantin Kwari a farashin da masaƙun gida ba za su iya karawa da shi ba. Sai abin ya riƙa zuwa daki-daki. A soke aikin dare, a tura wani sashe hutun dole, albashi ya fara makara, daga nan wata safiya a tarar da jerin sunaye manne a jikin get. Haka aka yi a Bompai, haka aka yi a Sharaɗa da Challawa.

An yi rubutu da yawa a kan dalilan mutuwar masana'antun Kano. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne ranar biyan sallama. Mutum ya shafe shekara goma sha biyar a gaban inji, ya san kukan kowane ƙarfe a sashensa, amma da aka miƙo masa ambulan bai san ko haƙƙinsa ne cif a ciki, ko rabi, ko rubu'i ba. Wannan rashin sani ya ci gidaje da yawa a ƙasar nan, kuma har yau bai daina ci ba. Shi ya sa nake so mu waiwaya, tunda waiwaye adon tafiya ne.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin waɗanda aka rage a wata masaƙa. Ranar karɓar kuɗi layi aka ja a gaban tagar kashiya. A miƙo maka takarda da Turanci, a nuna maka gurbin sa hannu, wanda bai iya ba a dangwala masa babban yatsa a tawada. Sai takardar ta koma ciki sannan ambulan ya fito. Bayan sallar isha'i ya zazzage kuɗin a kan tabarma, ya matso da fitila, ya ƙirga ya sake ƙirgawa, sannan ya kira ni.

"Ɗana, zo ka duba mini, kai da ka yi boko. Daidai suka ba ni?"

Abin da ke hannunsa katin shaidar aiki ne da wata 'yar guntuwar takarda mai ɗauke da lamba ɗaya tal, jimillar kuɗin.

Na ce, "Kawu, ina takardar da aka ba ku lokacin da kuka fara aiki?"

Ya ce, "Wace takarda? Heluma ne ya kai ni, aka dube ni, aka ce in zo gobe."

"To ƙananan nan da ake haɗowa da albashi fa?"

"Ai ba a ajiye su. In kuɗi ya cika, me za a yi da takarda?"

Babu abin da za a auna kuɗin da shi. Ya tattara, ya ce alhamdulillahi, ya sayi buhun taki da tinkiya biyu, sauran ya tafi a cefane kafin kaka.

Maƙwabcinsa, dattijon da muke kira Baba, sashe ɗaya suke da shi. Shi yana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, a ciki akwai leda ɗaure da zare. Takardar ɗaukarsa aiki tana nan, duk takardun albashinsa suna jere wata bayan wata, har da ɗan littafin yarjejeniyar da ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙulla da masu kamfanoni. Da ya isa tagar kashiya sai ya ce, cikin ladabi, a ba shi kwana biyu ya kai a karanta masa. Ya ɗauki ledarsa ya kai wa sakataren ƙungiya. Da aka baje takardun sai aka ga an fara ƙirga shekarunsa daga ranar da aka tabbatar da shi a aiki, alhali yarjejeniya ta ce daga ranar da ya fara. Shekara uku suka zube a nan, kuɗin hutunsa na ƙarshe ma ba a sa ba. Aka koma ofis da takardu a hannu, aka gyara ba tare da hayaniya ba. Aiki ɗaya suka yi da Kawu, ƙura ɗaya suka shaƙa, amma ɗaya ya san abin da yake bi, ɗayan bai sani ba.

To me doka ta ce? Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda ta samo asali tun zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon kuma ake aiki da ita har yau, ta yi magana a kan rage ma'aikata a sashe na 20. Ta raba shi da korar laifi. Rage ma'aikata shi ne mutum ya rasa aikinsa ɗungurungum, ba da son ransa ba, saboda hannu ya yi wa aikin yawa. Sashen ya ɗora wa mai kamfani abu uku. Na farko, ya sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilinsu dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa. Na biyu, wanda ya zo daga baya shi ake fara sallama, ko da yake an yarda a duba ƙwarewa, iya aiki da riƙon amana. Na uku, ya yi iyakar ƙoƙarinsa a zauna a daidaita kan kuɗin sallama. A nan maganar ta tsaya. Dokar ba ta ce mako kaza ko wata kaza a kan kowace shekara ba. Ta ba ministan ƙwadago ikon fitar da ƙa'idar da za ta wajabta biyan, amma shekaru sun shuɗe babu wani ma'auni na bai-ɗaya da aka kafa.

Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma gara ma'aikaci ya ji ta tun yana kan aiki. A Najeriya babu adadin da doka ta yanke a matsayin kuɗin rage ma'aikata, haka nan garatuti a kamfanoni masu zaman kansu. Abin da doka ta tilasta kai tsaye abu huɗu ne.

Na farko shi ne duk albashin da aka riƙe, da alawus da kuɗin ƙarin lokaci da mutum ya riga ya yi aikinsu. Sashe na 11 ya ce a biya albashi kafin wa'adin notis ya cika ko a ranar da ya cika.

Na biyu shi ne notis ɗin kansa. Wanda ya yi wata uku ko ƙasa da haka, kwana ɗaya. Wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Daga shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya. Notis na mako ɗaya ko fiye dole ya zama a rubuce. Idan kamfani yana so mutum ya tafi nan take, sai ya biya shi kuɗin wannan wa'adi, kuma da tsurar albashi ake lissafa shi, ban da alawus da ƙarin lokaci. Wannan shi ne mafi ƙaranci. In takardar aiki ta ba da wa'adin da ya fi haka, da ita za a yi aiki.

Na uku shi ne hutun shekara. Sashe na 18 ya ba wanda ya cika wata 12 yana aiki hutun aƙalla kwana shida na aiki, da biya. Wanda aka sallama bai je hutunsa ba, a ba shi kuɗin. Wanda ya yi wata shida ko fiye tun bayan hutunsa na baya, a ba shi kaso daidai da watannin, wato mai wata shida rabin albashin mako.

Na huɗu shi ne fansho. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, a kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye, mai kamfani yana zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. Kuɗin nasa ne ko kamfani ya rufe. Wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana da damar cire kashi 25 cikin 100 na abin da ya taru. Abin dubawa a nan shi ne ko abin da aka riƙa yanka a albashi ya isa asusun, domin sau da yawa ana yanka ba a zubawa.

Akwai kuma mafi ƙarancin albashi. A 1981 Naira 125 ne, a 2011 ya zama 18,000, a 2019 ya koma 30,000, a watan Yulin 2024 ya kai 70,000. Wanda ake biya ƙasa da haka a wurin da dokar ta hau kansa, cikon bashi ne da zai shiga lissafi. Sai dai dokar ta tsame wuraren da ba su kai ma'aikata 25 ba, da masu aikin jinga ko kamasho, da masu aikin 'yan sa'o'i, da aikin da ke bin yanayi irin na gona. A kuma lura, Dokar Ƙwadago ta fi shafar masu aikin hannu da akawuna. Manajoji da ƙwararru, abin da ke cikin takardar aikinsu shi ne madogararsu.

Mu buga misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ɗauka mutum ya yi shekara tara cif a kamfani. Tsurar albashinsa Naira 78,000 ne, alawus 22,000, jimilla 100,000 a wata. Yana bin albashin wata biyu, bai je hutun shekarar da ta ƙare ba, kuma an ce ya tafi yau. Albashin da aka riƙe 200,000 ke nan. Notis na wata ɗaya 78,000. A wurin da ake aiki kwana shida a mako akan raba albashi gida 26 a fitar da na yini, wato 3,000, hutun kwana shida ya zama 18,000. An tashi da Naira 296,000. To a cire albashin da ya riga ya yi wa gumi, a cire kuɗin hutun da ya hana idonsa barci a kai. Abin da ya saura na rabuwa da aikin shekara tara Naira 78,000 ne kacal. Ko shi ɗin ma, da an ba shi notis ya yi aikin watan, albashinsa kawai zai karɓa ya tafi.

Yanzu a ɗauka wannan mutumi yana da takardar sharuɗɗan aiki, ko yarjejeniyar ƙungiya da aka shigar cikin sharuɗɗan aikinsa, wadda ta ce albashin mako uku a kan kowace shekara. Albashin mako ana samunsa ne in an ninka na wata sau 12 aka raba gida 52, wato 18,000. Mako uku sau shekara tara, mako 27 ke nan, kuɗinsa 486,000. Jimilla ta tashi daga 296,000 zuwa 782,000. In takardar ta ce wata ɗaya a kan kowace shekara, ƙarin 702,000 ne, jimilla 998,000. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, shekaru ɗaya. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi ba wayo ya kawo ta ba, ba sa'a ba, layi ɗaya ne a takardar da aka sa wa hannu tun kamfani yana cikin ganiyarsa. Shi ya sa kafin a taɓa kalkuleta akwai tambaya uku: daga wace rana ake ƙirga shekaru, da wane albashi ake lissafi, tsura ko haɗe da alawus, kuma ya ake yi da guntun shekarar da ba ta cika ba. A waɗannan wurare uku kuɗi ya fi zubewa.

Wasu ƙasashe ba su bar abin a hannun sasanci kaɗai ba. Ingila ta yi dokar biyan waɗanda aka rage tun 1965. Wanda ya yi shekara biyu ko fiye yana samun rabin albashin mako a kan kowace shekarar da ya yi yana ƙasa da shekara 22, mako ɗaya daga 22 zuwa 40, mako ɗaya da rabi daga 41 zuwa sama, ba a ƙirga fiye da shekara 20, kuma akwai iyakar albashin mako da ake lissafi da shi. A nan Afirka, dokar Kenya ta 2007 ta ce aƙalla albashin kwana 15 a kan kowace cikakkiyar shekara. Ta Afirka ta Kudu ta ce aƙalla mako ɗaya. In da ma'aunin Kenya za a auna mutumin misalinmu, zai samu kwana 135, wato 405,000. Da na Afirka ta Kudu, 162,000. Ko kuɗin ba su da yawa, ma'aikaci na iya zama a ƙofar gidansa ya lissafa abin da ba wanda ya isa ya hana shi. Wannan ne namu ma'aikacin ya rasa.

Tarihinmu kuma ya nuna cewa sanin adadi kaɗai ba ya sa kuɗi a aljihu. Masaƙar KTL ta Kakuri a Kaduna, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta tsaya a 2002. Ma'aikatanta sun san abin da suke bi, amma sun kwashe shekara da shekaru suna kai kuka ga gwamnonin Arewa, waɗanda jihohinsu ke da hannun jari a kamfanin. Da yawa sun rasu ba su karɓa ba, matansu da marayunsu suka gaji jiran. Kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways, wanda jiragensa suka sha sauka a filin Malam Aminu Kano da ke nan maƙwabtanmu, ya daina aiki a 2003. Sai a 2018 gwamnatin Muhammadu Buhari ta saki sama da Naira biliyan 22 a matsayin rabin abin da tsofaffin ma'aikatansa ke bi. Shekara 15 ke nan, kuma Nairar 2003 ba ita ce ta 2018 ba.

A gefe guda ga ma'aikatan wutar lantarki. Da gwamnati ta tashi sayar da kamfanonin wuta na PHCN, ƙungiyoyinsu suka tsaya kai da fata cewa ba za a miƙa kamfanonin ba sai an daidaita kan haƙƙoƙi. Aka cimma yarjejeniya a ƙarshen 2012, aka miƙa kamfanonin, har da KEDCO ta nan Kano, ranar 1 ga Nuwamba, 2013. An samu waɗanda suka yi ta koke daga baya, amma mafi yawa sun karɓi kuɗinsu a daidai wannan lokaci. Sun yi ciniki ne lokacin da ake buƙatar haɗin kansu. Wanda ya bari sai an sa kwaɗo a get, an kwance injuna, bankuna sun yi layi, ko da dokar kamfanoni ta sa albashin ma'aikata cikin basussukan da ake fifitawa, jira ne mai tsawo a gabansa.

Me ya sa wannan magana ta fi matsa mana yau fiye da zamanin su Kawu? Saboda su suna da inda za su koma. Wanda aka sallama a 1987 yana da gonar gado, ko ƙarama ce, ya shuka gero da dawa da wake, da rani ya yi lambun latas da kabeji a bakin Jakara. Yau birni ya shigo ƙasar Ungogo. Ƙidayar 2006 ta samu kusan mutum 370,000 a wannan ƙaramar hukuma mai mazaɓu 11, kuma kowa ya ga yadda aka ƙaru tun daga lokacin. Rijiyar Zaki da Bachirawa sun zama unguwanni, gonaki sun koma fulotai ta hanyar awon igiya. Saurayin da aka sallama yau sau da yawa gidan haya zai koma, ga kuɗin makarantar yara, ga cefanen da komai sai an saya. Kuɗin sallama shi ne jarin da zai sayi babur, ko keken ɗinki, ko ya kafa tebur a kasuwa. In ya zube, babu rumbun da zai tare shi.

Ga shi kuma aikin da ya rage ya sauya kama. Yaranmu yanzu suna kamfanonin ruwan leda, gidajen bulo, gonakin kaji, injinan casar shinkafa, gidajen mai, makarantu masu zaman kansu da aikin gadi. Mafi yawan waɗannan wurare babu ƙungiya, babu takarda. A manyan kamfanoni ma ɗan kwangila ne ke kawo leburori, mutum ya yi shekaru yana shiga get ɗaya amma sunansa ba ya cikin littafin kamfani. Ranar sallama kamfani ya ce bai san shi ba, ɗan kwangila ya kashe waya.

Darasin dai shi ne, tun ran gini ran zane. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai kamfani ya ba ma'aikaci takarda cikin wata uku da fara aiki, mai bayyana irin aikin, albashi da yadda ake lissafa shi, sa'o'in aiki, hutu da wa'adin notis. Neman wannan takarda ba rashin kunya ba ne, ba kuma rashin yarda da maigida ba ne. Mu da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, ta koya mana rubuta bashi da kafa shaidu, bai kamata mu ji nauyin rubuta yarjejeniyar aiki ba. A ajiye kowace takardar albashi. In ta banki ake biya, kada a goge alat, kuma a riƙa karɓar bayanan asusu. A riƙe katin shaida, a ɗauki hoton duk wata sanarwa da aka manna a allo, a riƙa duba asusun fansho tun ana kan aiki. Ko wanda ba a ba takarda ba, waɗannan shaidu da abokan aiki suna iya tabbatar da ranar da ya fara da abin da ake biyansa.

Ranar sallama kuma kada a yi gaggawar sa hannu a takardar da ke cewa an karɓi komai, babu sauran bashi. A nemi a rubuto lissafin dalla-dalla, albashi nawa, notis nawa, hutu nawa, sallama nawa. A kai wa wanda ya iya ya duba. A tafi a ƙungiyance, domin muryar mutum talatin ba ɗaya take da ta mutum ɗaya ba, kuma doka ta ambaci wakilin ma'aikata ko a inda babu ƙungiya mai rajista. In an kasa daidaitawa, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da ofis a Kano da ke shiga tsakani. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, kuma ba a biyan kuɗi a kai mata kuka. Matsalar fansho ta hukumar PenCom ce. Sannan akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya keɓe mata shari'un ƙwadago, tana kuma zama a Kano. Kada a yi jinkiri, domin shaidu suna watsewa, takardu suna ɓacewa.

Ga masu kamfanoni da 'yan kasuwarmu, na san wani lokaci rage ma'aikata dole ce ke kawo shi. Kuɗin wuta, tsadar dizal da kuɗin ruwan banki sun durƙusar da mutanen kirki da yawa. Amma haƙƙin ma'aikaci bashi ne, bashi kuwa a addininmu ko mutuwa ba ta kankare shi, sai an fitar da shi kafin a raba gado. In ma'aikacin ne ya rasu, haƙƙin ya koma na magadansa. Mai hangen nesa yakan ware wani abu duk wata tun kasuwa na ci, domin ranar rabuwa ta same shi da abin sallamar mutane cikin mutunci. Gaya wa ma'aikata gaskiya da wuri, da zama da su a yi lissafi a fili, ya fi arha a kan shari'a, ya kuma fi kwanciyar hankali ranar gobe.

Ga wakilanmu kuma, musamman mai wakiltar Minjibir da Ungogo a Majalisar Wakilai da sanatocin Kano, akwai aiki a gabansu. Sashe na 20 yana buƙatar lamba. Ko a gyara dokar, ko a matsa wa ministan ƙwadago ya yi amfani da ikon da aka ba shi, a kafa mafi ƙarancin abin da za a biya a kan kowace shekarar aiki, a kuma fayyace wanda zai ɗauki nauyin leburan ɗan kwangila. Jihar da ta ga abin da Kano ta gani a Bompai da Sharaɗa ita ta fi cancanta ta jagoranci wannan kira.

Kafin hakan ta samu, abin da ke hannunmu shi ne mu koya wa 'ya'yanmu. Duk uban da ɗansa ko 'yarsa ta samu aiki, bayan addu'a da nasihar riƙon amana, ya tambaya ko an ba da takarda, ya sa a karanta a gabansa, a duba abin da ta ce game da ranar rabuwa, sannan a nema mata ma'ajiya mai kyau. Limamai da masu unguwanni su ma su riƙa tunatarwa. Mutanenmu ba ragwaye ba ne, sun ba masana'antun Kano ƙuruciyarsu da lafiyarsu, kuma da yawa sun tafi da ƙasa da abin da suka cancanta don kawai ba wanda ya gaya musu. Mu mun ji, bai halatta na bayanmu su sake tafiya a makance ba. Allah Ya sa mu ci guminmu da halal, Ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙin duk wanda ya yi mana aiki.